Mayafin Inna Ya Sha Iska

Auta: Salamu alaikum, Yaya. Ina wuni?

Yaya: Lafiya lau, Auta. Ya maigidan naki? Ya jaririya?

Auta: Tana nan, sai ci kamar gara. Ya yaran? Ya jikin Baba?

Yaya: Da sauƙi... Kina ji na?

Auta: Sama-sama. Matsa bakin taga.

Yaya: Yanzu fa? Auta, ɓarna na yi.

Auta: Subhanallahi. Me ya faru?

Yaya: Kin san mayafin Inna da Baba yake kwana da shi tun rasuwarta?

Auta: Ruwan tokan nan?

Yaya: Shi. Ɗakin ya yi danshi, na ga ya fara fumfuna a gefe, sai na shanya shi ya sha iska. Wallahi ko ruwa ban sa masa ba. Kwana biyu kacal a kan igiya.

Auta: To ai gyara kika yi.

Yaya: Haka na zata. Kin san tunda idonsa ya tafi, komai sai ya kai hanci. Ya shinshina, ya juya, ya sake shinshinawa. Sai ya ce, "Wannan na wace ce?"

Auta: Wayyo Allah.

Yaya: Na ce na Inna ne. Ya ce kar in raina masa hankali, ya san ƙamshin matarsa.

Auta: Ki fesa turarenta mana.

Yaya: Na fesa. Ya ce wannan ƙamshin kanti ne. Yau kwana uku, in na kai abinci sai ya kau da kai. Auta... ɗankwalinta da kika ɗauka, yana nan?... Auta? Layin ne?

Auta: Ba layi ba ne. Yana nan. Leda uku na ƙulle shi a ciki, can ƙasan akwati. Sau ɗaya na taɓa kwancewa, ranar da na haihu, shi ma da sauri na mayar.

Yaya: Wallahi kunyar tambayar nake ji.

Auta: In na ba Baba, a buɗe zai riƙe shi. Sati ɗaya iska ta kwashe komai. Shi kaɗai ya rage min, Yaya.

Yaya: Na sani.

Auta: Daina kukan nan. Ki ce masa ya ci abinci, gobe zan shigo motar safe.

Yaya: Allah ya yi miki albarka, ƙanwata.

Auta: Amma in shi ma ya ƙare, me za mu ce masa?

Yaya: Ban sani ba. Ga shi can yana kira na. Sai kin zo.