Ranar da Suka Ji Muryata

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Sunana Sa'adatu, ina gyaran kwamfuta a wani ɗan shago a Tiga.

Masu sana'armu, daga Bebeji har Doguwa, suna da zauren hira a waya inda kowa ke kawo matsalar da ta gagare shi. Da sunan shagona na shiga, kuma a rubuce nake ba da amsa. Kullum "Injiniya" suke ce mini, suna sa mini albarka.

Ran nan wani ɗan Ƙiru ya ce kwamfutar makarantarsu ta ƙi tashi, ga jarrabawa washegari. Ina tsakiyar aiki, sai na tura masa bayanin da murya. Kwamfuta ta tashi, amma ko "na gode" bai ce ba. Sai ya rubuto, "Au, ashe mace ce?" Wani ya ce in turo hotona, wani ya tambayi wa ke tuƙa wa maigidana tuwo. Dattijon da ya buɗe zauren, wanda nake kira Baba, ya sa alamar dariya. Wallahi dariyar nan ta fi komai yi mini ciwo.

Tun daga ranar, in na yi sallama ba mai amsawa. Jiya wani ya kwafi tsohon bayanina ya tura kamar nasa ne, aka yi ta ce masa, "Allah ya ƙara basira, Injiniya."

Malam, ku ba ni shawara. In fita ne, ko in sake shiga da sunan namiji don a riƙa amsa mini sallama?

Ina gaishe da ƙanwata Maryam, wadda ta matsa mini in koya mata aikin nan. Har yau na rasa abin da zan ce mata.