Inda Kwalta Ta Ƙare

A bakin unguwar Waziriyya, daidai inda kwalta ta ga dama ta tsaya, Rafi'u tela yana jiran bas kusa da wata dattijuwa da bai sani ba.

"Hajiya, dubi ikon Allah," in ji shi. "Arewacin gari an shimfiɗa hanya har inda babu kowa. Mu Takari kuwa, baƙaƙen da muka zo daga ƙasar Hausa, kwalta na ganin fatarmu sai ta ƙare."

"Kun kai kuka?"

"Har mun gaji. Halas, shi ke nan."

"Ni ungozoma ce, ɗana, ba na kai kuka. In naƙuda ta kama matan manya, ni ake nema. Na ce ba na takowa bakin kwalta, mota ta zo ƙofar gidana."

"Cikin wannan yashi?"

"Cikinsa. Ran Talata injiniyan hanya da kansa ya tura motarsa da ta kafe a yashi, yana ta salati. Da muka fita sai ya tambayi sunan layinmu."

Rafi'u ya gyara tsayuwa, ya sassauta murya. "To, Inna, yau me ya fito da ke a ƙafa?"

"Yau matar lebura ce. Mijinta zuba kwalta yake yi, ba shi ke rabonta ba."