Malam Datti da Ƙa'idar Ido na Biyu

Jawabin Malam Muhammadu Argungu, mataimakin shugaban laburaren Majalisa, a wurin addu'ar arba'in ta marigayi Malam Datti Ja'afaru, Kawo, Satumba 1979.

Assalamu alaikum. Shekara tara ke nan rabona da Argungu, kuma wanda ya hana ni komawa shi ne mutumin da aka ce in tashi in yi magana a kansa yau. Na ga wasunku sun ɗago kai. Ku yi haƙuri, zan kai ga bayani, bari in fara ba kowa haƙƙinsa.

Ranka ya daɗe wakilin Hakimi. Allah gafarta Malam Liman. Ranka ya daɗe Akawun Majalisa. Zaɓaɓɓun wakilanmu da za su fara zama wata mai kamawa, abokan aiki, maƙwabta na nan Kawo, da mutanen Rafin Guza da na hango can baya. Hajiya Rahmatu, da Hansai da Turai da ke saurare daga cikin gida, da kai Audi, sannunmu da haƙuri.

Da yawa a nan sun san Malam Datti a sahun masallaci, ba su san aikinsa na shugaban laburare ba. Aikinmu shi ne a zo da tambaya, me doka ta ce a kan kaza, me Majalisa ta taɓa yankewa, mu kuma mu bincika mu ba da amsa. Da soja suka karɓi mulki aka rufe zauren, kowa ya ɗauka mu ma mun tashi. Ba mu tashi ba. Sakatarori da alƙalai da masu tsara dokoki ba su daina zuwa ba, sai dai an daina tunawa da mu ranar kasafi.

Ya kasance mutum mai ƙa'ida ɗaya, wadda yake kira ido na biyu. Babu amsar da za ta fita daga laburaren sai mutum biyu sun nemo ta, kowa da ƙafarsa. Na farko ba ya faɗa wa na biyu littafin da ya buɗe, balle shafi. In amsoshin suka zo ɗaya, a aika. In suka saɓa, a koma kan kanta. Ni ne idonsa na biyu, shi ne nawa.

Ya kasance mai jinkiri, wannan ba zan ɓoye ba don ya rasu. Mun sha zagi saboda shi. Akwai babban ma'aikacin da ya ce kafin amsa ta fito daga wurinmu, mai tambayar ya yi ritaya. Shi kuwa sai ya ce, "Ranka ya daɗe, in ta sauri kake so, tasha tana nan Kawo."

Ya kasance ba ya cire kansa daga dokar da ya kafa. Mutanen Rafin Guza sun san abin da ya kawo su nan yau. Shekarar da aka so tayar da rumfunan maƙera da kafintoci don faɗaɗa hanya, an aiko a tambaye mu ko tsohuwar dokar ta yarda a rushe ba sanarwa. Malam Datti da kansa ya bincika, ya ga ta yarda. Masinja yana tsaye, babur ɗinsa a kunne. Na ce, "Malam, tunda kai ne ka duba, ai shi ke nan." Ya ce, "Bakabe, ni wane ne? Tashi ka nemo taka." Shi Bakatsine ne, ni Bakabe, kun san abin da ke tsakaninmu. Na tashi ina gunaguni, na bi ta gazet, jaridar da gwamnati ke buga dokoki a ciki, sai ga gyaran da aka yi wa dokar daga baya, wanda ya wajabta sanarwa da ba mutane wani wuri. Kwafin da ya duba ba a liƙa masa gyaran ba. Da na nuna masa, bai ɓata rai ba. Ya fita da kansa ya ce wa masinja, "Ka gaya wa maigidanka amsar farko tawa ce, kuma ba daidai ba ce." Rumfunan sun tashi daga baya, amma da sanarwa, kuma kowa ya san inda zai kai maƙerarsa.

Yanzu ga maganar da na fara da ita. Sau biyu hanya ta buɗe mini in koma gida, lokacin da aka raba jihohi da fari, da kuma shekara uku da suka wuce. Duk sau biyun ya zaunar da ni ya ce, "Bakabe, kifin Argungu ba zai ƙare ba. In ka tafi, wa zai duba ni?" Na zauna. Ina zaune nan mahaifiyata ta rasu, na isa an riga an dawo daga maƙabarta. Zuwana na ƙarshe ke nan. 'Ya'yana sun tashi da Hausar Kaduna, in na yi tamu su yi dariya. Na daɗe ina jin haushinsa, kuma ya sani. Amma in za a yi adalci, bai ɗaure ni da igiya ba, kuma shi ma Katsinar tasa ba nisa gare ta ba, bai koma ba.

Hajiya, ke shaida ce. Da ciwo ya kwantar da shi, sai ya ce amsoshin su riƙa biyo shi asibiti. Ranar da kika gan ni rungume da kundi kika ce, "Malam Muhammadu, mutane suna kawo wa majinyaci lemo, kai kana kawo masa gazet?" Mun ɗauke miki shi da rai da lafiya, muka dawo miki da shi a gajiye. Ki yafe mana. Audi, Hansai, Turai, mahaifinku bai bar muku bene ba. Amma duk ofishin da kuka shiga a garin nan kuka faɗi sunansa, ba wanda zai ce ya taɓa ba shi amsar ƙarya.

Mako biyu bayan rasuwarsa aka yi ruwan nan mai iska. Kwanon siton da muke ajiye tsofaffin kundaye ya yaye. Mun daɗe muna rubutawa a gyara. Ban ga laifin kowa sosai ba, wa zai kashe kuɗi a kan rufin Majalisar da ba ta zama? Na kwashi abin da na iya, na shanya a barandar zaure ina juya shafi kamar mai shanyar kuɓewa.

Ranka ya daɗe Akawu, takardar komawata gida karo na uku tana teburinka. A gaban jama'ar nan nake cewa ka ajiye ta tukuna. Wata mai kamawa wakilai za su fara turo tambayoyi, kowa yana so yanzu-yanzu, kuma da abin da muka ba su za su tashi su yi doka a kan talakawa. Tun da Malam ya rasu ni kaɗai nake nema, ni kaɗai nake sa hannu. Ka ba ni mutum biyu in koya musu, ranar da suka iya kama kuskuren juna in hau motar Sakkwato. Ku kuma wakilai, in amsa ta yi jinkiri, ku zage ni, na saba, amma kada ku ce a aiko ba a duba ba.

Mun gode wa duk wanda ya taka ya zo. Allah Ya jiƙan Malam Datti, Ya yalwata kabarinsa, Ya sassauta masa bincike ranar da za a buɗe wa kowa littafinsa. Allah Ya raya abin da ya bari, Ya ba Hajiya haƙuri, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Masu tambayata me na tara a zaman Kaduna, ga shi. Ba gida, ba fili. Kundin muhawara ɗari da huɗu cikin ɗari da ashirin, waɗanda na ceto daga ruwan nan. Gazet duka, ban da na shekara biyu da suka narke. Ƙa'ida ɗaya. Sai mai dubawa ɗaya, a aikin mutum biyu.