Abin da Dudu ba ta faɗa mini ba

Assalamu alaikum Malama mai gabatar da shiri, barka da aiki.

A watan Oktoban 1960, gari yana shagalin 'yancin kai, ni kuwa na saki matata Dudu. Shekara goma sha uku ke nan abin yana cina.

Duk wata akwai 'yan kwanakin da take sassauta ɗaurin ƙirji. In na matso kusa sai ta ture hannuna ta ce, "Malam, don Allah bari." In na tambayi dalili, kunya ta sa ta sunkuyar da kai. Goggona ta ce, "Kai ɗan boko, macen da ke ture miji akwai wani a ranta." Na yarda.

Makon jiya na ji ungozoma a shirinku tana cewa nonon mata da yawa yakan kumbura ya yi ciwo gab da al'ada, in jini ya zo ya lafa. Makaranta ta sa na haddace kogunan Ingila, amma wannan ba wanda ya faɗa mini.

Don Allah ku maimaita shirin, maza su ji.

Dudu tana Damare da 'ya'ya biyar. Ba nawa ko ɗaya.

Tsohon malamin makaranta, unguwar Ajiya, Jimeta.