Tsohon Gem a Wayar Baba

A rumfar wani mai gyaran waya a kasuwar Wunti, wani dattijo ya miƙa wayarsa.

"Ɗana, sa mini gem ɗin ƙwallon nan na da, wanda ake jonawa da talabijin."

"Baba, akwai manhajar da ke buɗe shi a waya, amma kwafin sata ne. Yana iya zuwa da bairos, ya cinye lambobinka kaf."

"Rabinsu suna maƙabarta. Sauran ba sa ɗauka."

"Kuma kamfanin Japan da ya yi gem ɗin yana maka mutane a kotu."

"Har gida suke zuwa?"

"Haba Baba, wa zai taso daga Japan saboda kai?"

"Gaskiyarka. 'Ya'yana ma da ke Abuja ba su taso ba. Sa mini, na mutum ɗaya."