Ƙwaya a Aljihun Hagu

A tashar Ƙofar Kuyambana na ji wata dattijuwa da wani magidanci suna magana, muna jiran motar Sabon Gari ta cika.

"Bawan Allah, lafiya kake ta dafa ƙirji?"

"Ƙwayar maganina nake taɓawa a aljihu, Iya, in ji ko tana nan. Bugun zuciya ne ya kayar da ni cikin azumi. Yau na dawo aiki."

"Subhanallahi! Likita ya yarda?"

"Wata shida ya ce in huta. Na yi biyu. Yara bakwai ba sa jiran likita."

"Haka maigidana ya ce, ya koma gona. A amalanke aka dawo mana da shi. Naka aikin dai na zaune ne ko?"

"Na zaune ne. Ni ne direban motar nan."

Ta daɗe tana kallon buhunta da aka riga aka ɗaure a saman motar.

"A wane aljihu ƙwayar take?"

"Na hagu. Ƙarƙashin harshe ake sa ta."

"To, a gaba zan zauna. Ka yi ta ba ni labari har Sabon Gari. Kana yin shiru, sai dai ka ji yatsana a bakinka."