Ciwon da Na Ɓoye Damina Biyu

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu.

Sunana Rahila. Ni ba mai dogon zance ba ce. Mijina ya rasu ya bar ni da tukunyar tuwo a tashar Argungu. Daga safe har la'asar ina gindin murhu. Babu makewayin mata a wurin, ga maza ko'ina. Sai na koyi riƙe fitsari, na rage shan ruwa don kada ya matsa mini. Na ɗauka dabara ce.

Zafi ya fara. In na tsuguna, kamar an zuba barkono. Na san abin da ake cewa in gwauruwa ta ambaci ciwon sanyi, sai na yi shiru. Ranar kasuwa na sayi kafso wurin mai talla, na haɗiye biyu. Zafi ya lafa, na ajiye sauran. Ya dawo, na sake biyu. Haka har damina biyu.

Ran nan kafso ya ƙi ci. Ciwo ya hau ƙuguna, zazzaɓi ya kayar da ni gaban masu cin tuwo.

Ranar Laraba na ja jiki zuwa zumuntar mata a coci. Ban ma roƙi warkewa ba. Cewa na yi, "Ubangiji, ka san ban bi namiji ba. Buɗe mini baki." Ina ɗago kai, ga Saratu, wata nas da ke aiki a Birnin Kebbi, tana kallona.

"Yaya Rahila, mi ya same ki? Kin koma kamar karan gero."

Na faɗa mata duka.

Ta ce, "Shi ke nan? Don wannan za ki bar mana gawa? Tashi mu tahi."

A asibiti aka gwada fitsarina. Likita ya ce ƙwayar cuta ce mai manne wa mafitsara, tana kama ko matar da ba ta san namiji ba. Ya ce kafso biyun raunanan ƙwayoyin suke kashewa, masu taurin kai su ƙara ƙarfi, har suka hau ƙodata. Saura kaɗan in mutu.

Sati biyu ina shan allura. Yau ga ni tsaye. Halleluya!

Na yi tunani sosai a gadon asibitin nan. Bakin mutane na ji tsoro fiye da kabari, kuma ba wanda ya zage ni ko ɗaya.

Na gode wa Allah. 'Yar'uwa, in kina ɗauke da abin da kika kasa faɗa, ki dogara ga Yesu, ki yi magana tun kina da ƙafar zuwa asibiti. Amin.